Daga Gadon Ƙusoshi zuwa Allurai Masu Shawagi: Tarihin Jarraba Allon Lantarki

Duk wanda ya taɓa leƙa cikin akwatin rediyo, ko ya tsaya gaban mai gyaran waya sa'ad da ya kwance bayanta, lalle ya ga wani ɗan allo, galibi kore, wanda aka zana wa siraran layuka na jan ƙarfe, aka jera masa ƙananan kayayyaki birjik, kowanne an kama ƙafafunsa da ɗigon dalma. Wannan allo, wanda masu gyara ke kira fanel, shi ne ginshiƙin kusan kowace na'urar lantarki ta zamaninmu, tun daga agogon hannu har zuwa na'urorin da ke tuƙa jirgin sama. Kuma tun ran da aka fara ƙera shi wata mas'ala ta taso tare da shi, wadda ba ta gushe ba har yau, watau ta ƙaƙa maƙeri zai sami yaƙini cewa kowane layi ya isa inda aka nufe shi, bai yanke a hanya ba, bai kuma shafi maƙwabcinsa ba, alhali kuwa layukan sun fi ƙarfin ido, yawansu kuma ya fi ƙarfin haƙurin ɗan Adam. Neman amsar wannan mas'ala ya haifi sana'a sukutum, mai masananta da ƙa'idodinta da manyan kamfanoninta, ga ta kuwa a bayan fage, domin mai saye ba ya tunawa da ita sai ran da ta gaza.

Kafin zuwan allon, da hannu ake haɗa kowace na'ura, waya bayan waya. Ya isa misali a ambaci kwamfutar nan da ake kira ENIAC, wadda aka nuna wa jama'a a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka cikin 1946, mai ɗauke da kwalaben lantarki fiye da 17,000 da mahaɗar dalma kimanin miliyan 5, kowace ɗaya an liƙa ta da hannu; duk mahaɗar da ta sami aibi kuwa, sai mutum ya bi sawunta da kansa har ya gano ta.

Tunanin shimfiɗa hanyoyin lantarki a kan faifai maimakon jan wayoyi ya daɗe yana yawo a zukatan masu ƙirƙira, gama wani Bajamushe mai suna Albert Hanson ya nemi rajistar irin wannan dabara a Ingila tun 1903, saboda kayan wayar tarho. Amma mutumin da tarihi ya fi jingina wa allon shi ne Paul Eisler, injiniya Bayahude haifaffen Biyana ta ƙasar Ostiriya, wanda ya yi hijira zuwa Ingila cikin 1936 sa'ad da guguwar 'yan Nazi ke matsowa. Shi mutum ne da ya san harkar ɗab'i kafin hijirarsa, saboda haka ya dubi tarin wayoyin da ke cikin rediyo da idon mai buga littafi, ya ga cewa abin da za a iya zanawa sau ɗaya, za a iya buga shi sau dubu ba tare da saɓani ba. Ya kai dabarar kamfanin Plessey, ba su karɓa ba. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke aka tsare shi na ɗan lokaci a matsayin ɗan ƙasar abokan gāba. Daga bisani ya sami mafaka a wata maɗaba'a ta Landan mai suna Henderson and Spalding, wadda aikinta buga takardun kiɗa ne, daga nan kuma ya nemi rajistar hikimarsa cikin 1943. Usulubinsa shi ne wanda ake bi har yau: a manna fallen jan ƙarfe a kan faifan da lantarki ba ya ratsawa, a buga zanen layukan da tawadar da ke kare su, sa'an nan a tsoma cikin ruwan magani ya cinye duk jan ƙarfen da ba a rufe ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya fitar da allon daga ɗakin gwaji. Amurkawa sun buga hanyoyin lantarki a kan faifan tangaran don wata 'yar na'ura da ake sa wa a kan harsashi, mai sa shi fashewa idan ya kusanci abin da aka harba dominsa. Bayan yaƙi, cikin 1948, aka saki fasahar ga 'yan kasuwa. Cikin 1949 wasu injiniyoyi biyu na sashen sadarwa na sojan Amurka, Moe Abramson da Stanislaus Danko, suka fito da hanyar zura ƙafafun kayayyaki cikin hudoji a tsoma ƙasan allon gaba ɗaya cikin narkakkiyar dalma. Cikin 1957 kuma masu ƙera allon suka kafa ƙungiyarsu, IPC, wadda har yanzu ita ce ke rubuta yawancin ƙa'idodin sana'ar. A tsakanin haka an ƙirƙiro tiransista cikin 1947, an kuma ƙirƙiro guntun da ke tara tiransistoci da yawa a jiki ɗaya cikin 1958 da 1959.

To, a nan ne wani abu ya bayyana wanda masu murna da sabuwar fasaha ba su yi saurin lura da shi ba. Ɗab'i yana maimaita daidai sau dubu, yana kuma maimaita kuskure sau dubu. Ban da wannan, kowane allo yana da nasa ƙaddarar: ƙura ta faɗa kan zane sai layi ya tsinke, ruwan magani ya gaza cinye wani ɗan sili na jan ƙarfe sai layuka biyu su haɗe, dalma ta yi yawa ta yi gada tsakanin ƙafafu biyu, ko ta yi kaɗan ƙafa ta zauna a sake, ma'aikaci ya sa rizista mai wani ƙima a gurbin wata, ko ya juya kan dayod ta fuskanci inda bai kamata ba. Waɗannan su ne aibobin da aka sani tun farko, kuma bisa haƙiƙa su ne dai ake farauta har gobe; abin da ya sāke kurum shi ne ƙanƙantarsu.

Makamin farko na wannan farauta shi ne mita mai tsinke biyu, ja da baƙi. Asalin ilminta ƙa'idar da Georg Ohm ya bayyana ce cikin 1827, wadda ta ɗaure ƙarfin turin lantarki da yawan gudanarsa da tirjiyar abin da yake ratsawa cikin lissafi guda, ta yadda wanda ya san biyu zai fitar da na uku. Wanda kuwa ya tara ma'aunai daban-daban cikin akwati ɗaya shi ne Donald Macadie, injiniyan ma'aikatar gidan waya ta Ingila, wanda mitarsa mai suna Avometer ta shiga kasuwa cikin 1923. Wanda ya je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano yau zai tarar da wannan aiki ana yinsa kamar yadda aka yi shi a masana'antun Turai shekara saba'in da suka wuce: mai gyara ya sunkuya a kan fanel, ya kafa baƙin tsinke a wuri ɗaya, yana taɓa wurare da jan, yana sauraron ƙarar mita, in ta yi kuka inda bai kamata ba ya ce akwai shot, watau layuka sun haɗe, in ta yi shiru inda ya kamata ta yi kuka ya ce layi ya yanke. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan sura a zuciyarsa, domin duk na'urorin da za a ambata nan gaba, har masu tsadar da ta fi ta gida, wannan aiki suke yi, illa dai sun bambanta wajen yawan tsinke da saurin hannu.

Da masana'antu suka fara fitar da alluna dubu-dubu, hannu ya kāsa. Abin da aka fara yi shi ne a ba allon wuta ta bakinsa, a tura masa saƙonni irin waɗanda zai tarar a bakin aiki, a duba amsar da ya bayar. Wannan jarrabawa tana da fa'ida babba, kuma ba a bar ta ba har yau, sai dai tana da naƙasu guda mai cin rai: tana shaida cewa allon ba shi da lafiya, amma ba ta faɗin inda ciwon yake, sai a koma ga gwani ya zauna da mitarsa yana kirdado, alluna marasa lafiya kuwa suna ta taruwa a gefensa. Masu sana'ar suna da wani ƙiyasi da suke yawan ambata, cewa kuɗin gyaran aibi yana ninkuwa kamar sau goma a kowane mataki da ya tsallake ba a kama shi ba, daga kaya guda zuwa allo, daga allo zuwa na'ura, daga na'ura zuwa hannun mai saye. Ko da ba a ɗauki adadin a matsayin nassi ba, ma'anarsa sahihiya ce, ita ce kuma ta sa kamfanonin awo suka bunƙasa a yankin Boston: General Radio, wanda aka kafa tun 1915 ya koma GenRad daga baya, da Teradyne, wanda Alex d'Arbeloff da Nick DeWolf suka kafa cikin 1960, suka fara da na'urar gwada dayod, cikin 1966 kuma suka fitar da na'urar gwaji wadda kwamfuta ke sarrafawa.

Amsar da ta yi mulki tun daga shekarun 1970 ita ce wadda ake kira gadon ƙusoshi. Sifarsa ita ce a ɗauki faifai mai kauri, a huda shi daidai ƙarƙashin kowane wurin da ake son taɓawa a jikin allon, a dasa wa kowace huda ƙusa mai sifirin a cikinta, wadda ke lotsawa in an danna ta, tana dawowa in an sake ta. Kan wata ƙusar tsini ne, kan wata kuma haƙora ne don ta ciji dalma ta huda dattin da ke kanta. Daga gindin kowace ƙusa waya ta tafi zuwa ga na'urar awo, ta yadda in aka buɗe cikin gadon sai a ga ɗaruruwan wayoyi, wani lokaci dubbai, a cukurkuɗe. Ma'aikaci ya ɗora allo, a zuƙe iskar da ke ƙarƙashinsa, allon ya manne, duk ƙusoshin su taɓa shi lokaci guda, sa'an nan kwamfuta ta bi kayayyakin ɗaya bayan ɗaya cikin daƙiƙoƙi kaɗan, ta fitar da 'yar takarda mai cewa rizista kaza ba ta nan, ƙafa kaza da ƙafa kaza sun haɗe.

Akwai wata hikima a cikin wannan awo da ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce ruhin al'amarin. Kayan da aka riga aka liƙa a allo ba shi kaɗai yake ba. Lantarkin da aka tura don a auna shi yakan sulale ta wasu hanyoyi na kewaye ya dawo, ya gurɓata hisabin. Sai masana suka ga cewa in aka taɓa wani wuri na uku a kan hanyar kewayen, aka daidaita ƙarfin lantarkinsa da na wurin da ake karɓar awo, to babu abin da zai gudana tsakaninsu, gama lantarki ba ya tafiya tsakanin wurare biyu masu ƙarfi ɗaya. Da haka sai a keɓe kayan a auna shi kamar an cire shi, alhali yana nan a liƙe. Suka kuma riƙa awon da ɗan ƙaramin turi, ƙasa da wanda ke tā da dayod da tiransista daga barci, don kada su farka su sa baki cikin shaidar. Wannan dabara ta sa na'urori irin su HP 3070, wadda kamfanin Hewlett-Packard ya fitar cikin 1989, suka zama abin da ba a rasawa a manyan masana'antu, har jikokinta suna aiki yau a ƙarƙashin sunan Keysight.

Amma gadon ƙusoshi kamar riga ce da tela ya yanka wa mutum guda: ba ta shiga wani, in kuwa mai ita ya sāke jiki sai a koma wurin tela. Kowane irin allo da nasa gado, ƙera shi yakan ci makonni da dubban daloli, in injiniya ya gusar da layi ɗaya sai a sāke huda ko a jefar da gadon ɗungum, ga kuma ɗakunan ajiya cike da gadajen allunan da aka daina yi, ana tsoron zubarwa don kada wani ya dawo neman gyara. Mai buga allon talabijin dubu ɗari bai damu ba, domin kuɗin gadon in an raba shi a kan yawan allunan bai taka kara ya karya ba. Wanda abin ya dama shi ne mai yin allo ashirin na gwaji, ko ɗari biyu na wata na'urar asibiti, wanda sau da yawa gadon kan fi dukan allunansa tsada, kuma kafin a gama ƙera shi zanen ya riga ya canja.

Sa'an nan wata musiba ta biyu ta auko wa gadon daga inda ba a zata ba, watau ƙanƙancewar kaya. A zamanin da ake zura ƙafafu cikin hudoji, tazarar ƙafa da ƙafa milimita 2.54 ce, kowace ƙafa kuma tana leƙowa ta ƙasan allon, wuri ne a shirye don ƙusa. Cikin shekarun 1980 aka koma manna kaya a fuskar allon ba tare da huda ba, a sama da ƙasa duka, kayan suka yi ta raguwa har aka kai ga rizista mai tsawon milimita 1 da faɗin rabin milimita, daga baya ma mai tsawon milimita 0.4, allon ya zama hawa-hawa, layuka suna tafiya a cikin cikinsa inda ba mai ganinsu, cikin shekarun 1990 kuma aka yawaita guntayen da ƙafafunsu ƙwallayen dalma ne a jere a ƙarƙashin cikinsu, babu ido ko ƙusar da ke kai wa gare su. An sirance ƙusoshin, aka matso da su zuwa tazarar milimita 1.27 har ƙasa da haka, sai suka zama masu saurin lanƙwasa da karyewa, masu zane kuma suka fara jin ƙyashin ba da fili don wuraren taɓawa. Wasu kamfanonin Turai, da Philips a gabansu, suka haɗu cikin 1985 don neman mafita, Amurkawa suka shigo daga baya, aka san ƙungiyar da suna JTAG, cikin 1990 kuma shawararsu ta zama ƙa'ida mai lamba IEEE 1149.1: a gina ma'aunin a cikin guntun kansa, a bakin kowace ƙafa, a riƙa yi masa tambaya ta wayoyi huɗu kacal. Dabara ce mai kyau ƙwarai, sai dai iyakarta guntayen da aka gina da ita. Rizista da kafasita ba su san da zamanta ba.

Mafita ta biyu daga Japan ta fito, daga wani gari mai suna Ibara a lardin Okayama, wanda aka sani da saƙa da rini tun kafin a san shi da lantarki. Kamfanin Takaya na wannan gari, wanda shi kansa da saƙa ya fara kafin ya shiga harhaɗa kayan lantarki, ya fitar cikin 1987 da na'urar da ta yar da gadon gaba ɗaya, ta koma ga tsinken mai gyara, ta ɗora shi a kan hannuwan inji. Ba abin mamaki ba ne a ce masu harhaɗa alluna iri-iri ne suka fara gajiya da ƙera gado ga kowane iri, gama wanda kaya ya danne shi ya fi kowa sanin nauyinsa.

Ga yadda aikinta yake ga wanda ya tsaya gaban gilashinta. Allo ya shigo a kan bel, maƙalai su riƙe gefunansa, kyamara ta sauko ta nemi wasu ɗigo-ɗigo na jan ƙarfe da aka bari a kusurwoyi don alama, ta gyara lissafinta gwargwadon yadda allon ya karkata ko da da kaurin gashi ne. Sa'an nan hannuwa huɗu, a wasu na'urorin shida ko takwas, sama da ƙasa, kowanne riƙe da allura a ɗan karkace don ta iya shiga tsakanin dogayen kaya, su fara kai da kawowa cikin saurin da ido ba ya iya bi, ana jin ƙarar saukarsu tik-tik-tik ba tsayawa: biyu su dafa kunnuwan rizista, ta uku ta dafa wurin keɓewa, a auna, su tashi, su sauka a wani wuri. Babu abin da aka ƙera musamman don wannan allo in ban da umarnin da ke cikin kwamfuta, shi ma daga zanen injiniya ake ciro shi, tare da jerin kayan da ya kamata a gani. Aikin da ke cin makonni ya dawo na sa'o'i ko yini guda, in zane ya canja kuma sai a canja lambobi.

Masu ƙera allon tsirara, wanda ba a riga an ɗora masa kaya ba, su ma sun rungumi wannan hanya, har ma ta fi yi musu rana, kuma a wurinsu ne aka warware wata matsala ta hisabi mai daɗin ji. Tabbatar da cewa layi bai yanke ba abu ne mai sauƙi, a dafa farkonsa da ƙarshensa. Amma tabbatar da cewa babu layin da ya taɓa wani, in za a gwada kowanne da kowanne, allo mai layi 1,000 zai buƙaci awo 499,500, abin da zai cinye yini a kan allo ɗaya. Sai aka bi ta hanya biyu: ta farko, kwamfuta ta duba zane ta ware layukan da ke maƙwabtaka da juna, su kaɗai a gwada, tun da wanda ke gabas ba ya taɓa wanda ke yamma, ta biyu, a auna yawan lantarkin da kowane layi ke iya riƙewa idan aka kwatanta shi da wani faffaɗan faranti, domin layin da ya haɗe da wani zai riƙe fiye da ƙimarsa, wanda ya tsinke kuma zai riƙe ƙasa da ita, sai a koma kan waɗanda aka yi tuhuma kurum a yi musu tahƙiƙi. Inda kuma ake shakkar hudar da jan ƙarfen bangonta ya yi siriri, akan yi awo da taɓi huɗu, biyu na tura lantarki biyu na karantawa, dabarar da ake jingina wa Lord Kelvin tun ƙarni na 19, don tirjiyar allurar kanta kada ta shiga lissafi.

Ba a daɗe ba sana'ar ta yaɗu. A arewacin Italiya, a lardin da kamfanin Olivetti ya tarbiyyantar da injiniyoyi masu yawa, akwai SPEA ta Volpiano da aka kafa cikin 1976 da Seica ta Strambino da aka kafa cikin 1986; a Jamus akwai atg Luther & Maelzer da Digitaltest; a Japan, ban da Takaya, akwai Hioki da MicroCraft; a Kanada akwai Acculogic. GenRad kuwa, tsohon sarkin gadon ƙusoshi, Teradyne ya saye shi cikin 2001.

Kada dai a ɗauka allura ta kashe gado, domin ba ta kashe shi ba, ba kuwa za ta kashe shi ba. Abin da gado ke gamawa cikin daƙiƙoƙi, allura takan yi mintoci a kansa, saboda kowane awo sai hannu ya yi tafiya. Masana'antar da ke fitar da allo kowane rabin minti ba za ta jira ta ba. Allura huɗu ko takwas ba su iya riƙe wurare ɗari a lokaci guda, saboda haka gwajin allo yana cikin aiki sosai ya fi ƙarfinsu sai da taimako. Tsininta yakan bar ɗan tabo a kan dalma, abin da masu kayan jiragen sama da na asibiti ba su ɗauka da wasa ba, shi ya sa aka koya wa hannuwan rage gudu dab da sauka. Tun da dokar Tarayyar Turai ta hana dalma mai gubar darma a yawancin kayan lantarki daga 1 ga Yuli 2006, sabon haɗin da ake liƙi da shi da ragowar maganin da ke kansa sun ƙara wa taɓi wuya, ga allura da ƙusa baki ɗaya. Ƙwallayen da ke ƙarƙashin guntu kuwa har yanzu sai hoton da ke ratsa jiki, irin na asibiti, ke nuna surarsu. A ganina babban kuskuren da ake yi a wannan fanni shi ne neman shaida guda da zai wadatar, alhali kyamara tana ganin kayan da ya karkace amma ba ta san ƙimarsa ba, allura ta san ƙimarsa amma ba ta san ko dalmarsa za ta jure girgiza ba, gwajin aiki kuma ya san allon yana tashi yau amma bai san an manta da kafasitar da rashinta zai bayyana bayan wata shida ba.

Saboda haka wanda aka ɗora wa amanar zaɓen irin wannan na'ura, ko a masana'anta ko a ɗakin gwaji na wata makarantar fasaha, tarihin nan ya riga ya yanke masa rabin hukunci: in allunansa iri ɗaya ne masu ɗimbin yawa, zanensu kuma ya zauna, gado ya fi masa, in kuwa iri-iri ne kaɗan-kaɗan, ko sababbi ne da ake ta gyara zanensu, ko sun yi cunkoson da babu wurin ƙusa, to allura ce tasa. Sauran rabin yana ga sanin kayansa. Ya auna mafi ƙanƙantar wurin da zai buƙaci taɓawa, da mafi tsawon kayan da hannu zai tsallake, da mafi girman allonsa. Ya duba ko kayansa na fuska biyu ne, don in haka ne na'ura mai allurai sama da ƙasa za ta hutar da shi juya allo da maimaita aiki. Ya fi mai da hankali ga manhajar fiye da ƙarfen, musamman ko tana karanta irin zanen da injiniyoyinsa ke fitarwa, ko kuma tana faɗa masa gaskiya game da wuraren da ba ta iya kai wa ba, gama na'urar da ke ɓoye abin da ba ta gwada ba ta fi rashin na'ura haɗari. In a ƙasashenmu za a girke ta, ya tambayi wanda zai zo daidaita ma'auninta da inda za a sami allurai in sun dakushe, ya kuma tanadi tsayayyar wuta da ɗaki mai tsabta, domin ƙurar hunturu tana hana taɓi, busasshiyar iskarsa kuma tana tara lantarkin da ke kashe guntu tun ba a gwada shi ba.

Adadin taɓi a daƙiƙa da ake bugawa a takardun talla kada ya ruɗe ka, ya kai mai saye, domin a kan wuraren da ke kusa da juna ake ƙirga shi, allonka kuwa ba haka yake ba. Ka ɗauki allonka mafi wuya, guda mai lafiya da ka tabbatar da shi, da wasu da ka sa wa aibi da gangan ka rubuta a takarda ka ɓoye: ka cire kafasita a nan, ka juya dayod a can, ka ɗaga ƙafa ɗaya ta guntu, ka yi gadar dalma a inda ido ba ya kai wa. Ka kai wa kowane mai sayarwa, ka zauna da agogo a hannu tun daga shigar da zane har fitowar sakamako, ka ƙirga aibobin da na'urarsa ta kama, da waɗanda suka wuce ta, da laifin da ta ɗora wa allon nan mai lafiya. Kada ka sa hannu a takardar ciniki sai ka ga wannan da idonka.